Gwiwar Mai Tayil

Idan ka shiga gida ka ga ƙasan falo yana ƙyalli, layi ya tafi sambal daga bakin ƙofa har bango kamar da reza aka ja shi, to ba sai ka tambaya ba, Mai Tayil ne ya durƙusa a nan. Haka kowa ke kiransa a unguwa, har matarsa ma idan ranta ya ɓaci. Gajere ne, kakkaura, furfura ta cinye gemun. Duk wandon da ya saya, gwiwar ce ke fara mutuwa, sauran wandon yana nan garau yana zaman makoki.

Tun gemu bai tsiro ba ya shiga sana'ar, kuma abu biyu ya ɗauko daga wurin maigidan da ya koya masa ya riƙe su da haƙori. Na farko, daga can bangon ƙurya ake fara shimfiɗa tayil, kana ja da baya a kan gwiwa har ka fito ta ƙofa. Na biyu, sabon tayil ba a taka shi sai ya kwana. Simintin da ke ƙarƙashi ɗanye ne, ƙafa ɗaya ta isa ta danne wannan gefe ta ɗaga wancan, aikin yini guda ya tashi a banza. A kan wannan doka Mai Tayil ba ya sanin babba. Ya taɓa tare wani mai gida da kansa a bakin ƙofar falonsa, mutum da tumbi da mukullin mota a hannu, ya ce masa, "Ranka ya daɗe, gidanka ne, amma yau falon nan nawa ne. Ka dawo gobe." Mutumin ya juya kuwa.

Da gwiwar nan ya ciyar da gida, da ita yara suka yi makaranta, da ita ya rufa ɗakunan da yake ciki. Masu tasowa a sana'ar suna ɗaura wani abu na soso a gwiwa kafin su durƙusa, shi kuwa dariya suke ba shi. Ya ce gwiwarsa ce ma'auninsa. Yana da sandar awo mai ɗigon ruwa a tsakiya kamar kowa, amma kafin ya ɗora ta, gwiwar ta riga ta gaya masa inda ƙasa ta yi tudu da inda ta yi kwari. "Ka sa wa gwiwa katifa," in ji shi, "ai barci za ta yi."

Ciwon gwiwa kuwa, shi da shi tsofaffin maƙwabta ne, har ya san takun kowanne. Akwai na safe, wanda gwiwar ke riƙewa kamar ƙofar da ta yi tsatsa, sai ya taka daga ɗaki zuwa bakin famfo ta saki. Akwai na hawa bene, mai ƙuruc-ƙuruc, wanda jikokinsa ke bin sa a baya don su ji su yi dariya. Waɗannan bai ɗauke su ciwo ba, gajiya ce da shekaru. Sai na ukun, wanda yake zuwa idan aiki ya yi yawa: saman ƙoƙon gwiwa ya kumbura ya yi luɓus, kamar an cusa rabin lemo a ƙarƙashin fata. Masu tayil suna ce masa ruwa. Kuma duk sun san maganinsa, ko dai suna ganin sun sani. Ka samu allura, ka ƙyasta ashana ka gasa bakinta har ya yi baƙi, ka huda, ka matse ruwan ya fita, ka ɗaure da tsumma, ka koma kan siminti. Haka maigidansa ya yi, haka shi ma ya yi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma kullum yana tashi lafiya.

Allurar ma ba tasa ba ce. A gwangwanin matarsa yake sata.

Matar tasa ɗinki take yi a gida, kekenta na bakin taga. Ita ma tana da nata ciwon gaɓoɓin, sai dai ba irin nasa ba ne. Shekarun baya yatsunta suka fara kumbura, na hannun dama da na hagu lokaci ɗaya, kamar sun haɗa baki. Ta tashi da safe ta kasa riƙe almakashi har rana ta ɗaga sosai. Ba ta tsaya shafe-shafe ba, ta tafi asibiti. Aka ɗibi jini, aka ce sojojin jikinta ne suka rikice suna cin gaɓoɓinta, aka ɗora ta a kan magani, tana komawa ana duba ta. Yatsu biyu sun ɗan karkace, amma keken bai daina kuka ba. Mai Tayil ya sa mata suna 'yar gatan likita.

"Maman Auta, yau ma ziyarar dangi za a je?" Haka yake ce mata duk ranar da ta ɗauki katinta.

"E, Baban Auta. In gaishe su in ce kana nan tafe?"

"Ni da asibiti sai dai su kira ni gyaran ƙasa."

Na ukunsu a wannan hira ta ciwo shi ne Mai Fenti, amininsa tun suna samari, dogo, mai bakin da ba ya hutawa. Duk gidan da Mai Tayil ya yi ƙasa, shi ke yin bango, kuma kullum suna faɗa a kan wa ya ɓata wa wani aiki. Nasa ciwon a babban yatsan ƙafa yake. Haka kawai yatsan zai wayi gari ya yi ja ya kumbura, ko zani ya shafe shi sai ka ji ihu daga ƙarshen layi. Likita ya ce wani abu ne kamar gishiri ke taruwa a gaɓar, ya ba shi magani, ya ce ya rage nama da kayan ciki da lemon kwalba, ya yawaita shan ruwa. Mai Fenti yana bin dokar likita sau da ƙafa, sai dai idan ya ga nama.

To, a wani babban gida da ake ginawa a bayan gari ne abin ya faru. Falon gidan ya yi girman filin ƙwallon yara, tayil ɗin farare ne manya, irin waɗanda ɗaya sai an ɗauke shi da hannu biyu ana salati. Tun a ɗakunan ciki ruwan nan ya taru a gwiwarsa ta dama. Ya saci allura, ya gasa, ya huda, ya ɗaure, ya koma aiki. Sai dai wannan karon kumburin bai sauka ba. Ya dawo, ya fi na da. Fatar ta yi ja tana sheƙi, ciwon ya bar saman ƙoƙo ya nutsa can ciki. Ya sake hudawa. Abin da ya fito ba ruwan da ya sani ba ne, amma bai tsaya kallo ba, ya shafa man zafi ya ƙara ɗauri.

Ranar da zai yi falon, matarsa ta ga yadda ya fito daga ɗaki yana dafa bango. Ta kawo masa shayi, ya kurɓa sau ɗaya ya ture. Mutumin da ke cinye burodinsa ya leƙa na wani.

"Buɗe in gani."

"Me za ki gani? Gwiwa ce, kin san ta."

Ta ɗora bayan hannunta a goshinsa, sannan ta kai kan tsumman kafin ya janye. Ta cire hannun da sauri.

"Baban Auta, wannan ai tukunya ce a kan wuta. Ga zazzaɓi a jikinka. Kumburi da zafi da zazzaɓi tare, ba a kwana da su a gida. Ni an gaya mini wannan tun ranar farko."

"An gaya miki a kan yatsunki. Wannan gwiwar maza ce."

"Gwiwar maza ba ta ruɓewa?"

"In na gama falon nan sai in je dangin naki su gan ni. An riga an jiƙa yashi."

Ya fita yana jan ƙafa, ita kuma ta bi bayansa da kallo har ya sha kwana.

Abin mamaki, ya yi falon. Yadda ya yi, shi da Ubangijinsa suka sani. Gwiwar dama ta ƙi lanƙwasuwa, sai ya durƙusa a kan ta hagu ya miƙe ɗayar a gefe kamar sandar da aka jingina. Gumi na zuba, sanyi na kaɗa shi, gudumar roba na tafiya tum, tum, tum. Mai Fenti yana can yana shafa bangon baranda, yana leƙowa.

"Kai tsoho, yau wane salon rawa ne wannan?"

"Je ka ka gyara inda ka ɗiga mini fenti a ɗakin can, makaho."

"Fuskarka fa ta yi kalar siminti."

"Taka ta yi kalar me?"

Rana ta karkata lokacin da ya ɗora na ƙarshe a bakin ƙofa. Ya ja jiki ya zauna a dokin ƙofar, ya kwantar da kai gefe yana bin layi da ido, yadda ya saba. Hasken taga ya kwanta a kan falon kamar ruwa a faranti. Ko'ina sambal. Sai can ƙurya, kusa da bangon da ya fara, guda ɗaya ya ɗaga kunne. Ba wani ɗagawa ba ne, kaurin farce ne. Mai gidan ko da tabarau ba zai gani ba, kujera ma za a ɗora a wurin.

"Bar shi," in ji Mai Fenti. "Wallahi ba wanda zai gani."

"Ni na gani."

Masu tayil suna da dabarar shiga sabon aiki idan ta kama dole. Falankin katako biyu ne masu faɗi. Ka shimfiɗa ɗaya a hankali ka hau, nauyinka ya bazu a kan tayil da yawa, ka shimfiɗa na biyu a gaba ka koma kansa, sai ka jawo na baya ka kai gaba. Haka haka har ka isa. Mai Tayil ya sa aka miƙo masa falankansa, ya soke gudumar a ƙugu, ya shiga yana jan gindi, ƙafar dama na biye da shi kamar ba tasa ba. Mai Fenti ya tsaya a ƙofa yana zaginsa, tun yana zagi da dariya har dariyar ta ƙare.

Ya isa. Ya ɗaga tayil ɗin, ya rage simintin da cokalin gini, ya mayar, ya buga sau biyu, ya shafa da tafin hannu. Ya zauna daram.

Sai ya juya zai dawo, ya kama falankin zai ɗaga, hannun ya ƙi. Ɗakin ya fara juyawa a hankali. Ya gwada motsa ƙafar, wani abu ya soke shi daga gwiwa har tsakar kai, ya ji wata ƙara ta fito daga bakinsa wadda bai taɓa sanin yana da ita ba. Ya jingina da bango, haƙora na haɗuwa kaf-kaf-kaf. Gwiwar ta cika wandon tam. Ga shi a ƙurya, ga falankai biyu duk a wurinsa, ga falo guda na ɗanyen tayil tsakaninsa da ƙofa. Tagar kuwa an riga an sa mata ƙarfe.

"Ina zuwa," in ji Mai Fenti, ya ɗaga ƙafa.

"Kul! Ka taka mini tayil, ni da kai har abada."

"Kai mahaukaci ne? Mutuwa fa za ka yi a nan."

"Ba inda zan mutu. Zagayo ta taga ka miƙo mini ruwa da bargo. Da safe ya kama, sai ku shigo ku ɗauke ni."

"A nan za ka kwana?"

"Yau na fara kwana a wurin aiki?"

Mai Fenti ya zagaya gidan yana neman wani katako, kafinta ya kulle nasa ya tafi. Ya miƙa ruwan ta taga, ya ga rabin ruwan ya zube kafin ya kai bakin Mai Tayil. Sai ya koma bayan tulin yashi ya ciro waya, ya kira wadda ya san ba ta tsoron Mai Tayil.

Ba ta daɗe ba. Motar haya ta tsaya a ƙofar gidan, ta fito da zaren ɗinki maƙale a zaninta, ta ce wa direban kada ya kashe mota. Ta tsaya a bakin falon ta hango mijinta a ƙurya, ya dunƙule kamar kayan wanki.

"Maman Auta," ya ce, muryar ta shige, "tsaya a nan. Kada ki shigo. Bai kwana ba."

Ta waiga, ta ga baron da ake ɗiban yashi a jingine. Ta kifar da ragowar yashin da ke ciki, ta shimfiɗa buhu, ta kama hannayen baron da yatsun nan nata da ko murfin kwalba sai an buɗe mata. Ta tura.

Ƙafar mutum ɗaya ce ke ɓata tayil. Wannan kuwa baro ne, da taya, da mace mai fushi a bayansa. Tayil ɗin farko ya nutse, na biyu ya zame, na uku ya ce ƙas. Siminti ya dinga bulbulowa ta tsakanin layi. Mai Fenti ya ga an riga an buɗe hanya, ya bi ta da manyan takalmansa yana cewa, "Ni dai ba ni na fara ba, kowa shaida ne."

Mai Tayil ya rufe ido. Bai yi ihu ba lokacin da suka ɗaga shi, duk da gwiwar ta bugi bakin baron. Sai da suka juyo da shi ya ga hanyar da tayar ta bi, sannan hawaye ya zubo.

"Kin kashe ni, Maman Auta."

"Ka bari mu je a tabbatar."

A asibiti ba su zauna layi ba. Ma'aikaciyar da ke karɓar mutane ta ji zafin jikinsa, ta ga gwiwar da aka yanke wa wando, ta sa aka wuce da shi ciki. Likitar da ta zo yarinya ce a idonsa, ba za ta girmi Autarsa ba. Ta taɓa gwiwar hagu, ta taɓa ta dama. Ta ce ya lanƙwasa, ya kasa. Ta ɗan motsa masa ita kaɗan, ya kama ƙarfen gado. Sai ta sunkuya ta ga ƙananan huji biyu a saman ƙoƙon.

"Baba, wa ya huda nan?"

Mai Tayil ya kalli silin. Mai Fenti ya kalli takalminsa.

"Shi ya huda," in ji matar. "Da allurata. Na daɗe ina zargin yara."

"Na gasa ta da wuta, 'yata," ya ce. "Haka muke yi."

"Kun gasa allurar, Baba. Fatar fa? Tsumman fa? Ƙasar da kuka koma kuka durƙusa a kai fa?"

Ta goge wurin da magani, ta sa tata allurar a gefen gwiwar, ta zuƙo. Abin da ya cika sirinjin ya yi kauri, ya yi gurɓi. Ta ɗaga masa ya gani, ta aika da shi gwaji tare da jininsa, aka yi hoto. Da ta dawo ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, ta yi masa bayani dalla-dalla. Ruwan da ke taruwa a saman gwiwa, ta ce, wata 'yar jaka ce a ƙarƙashin fata take kumbura saboda yawan durƙuso, sau da yawa hutu da sanyaya wurin sun isa su saukar da ita. Hujin da ya yi ne ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Sun cika jakar, yanzu sun shiga cikin gaɓar kanta. A cikin gaɓa akwai guringuntsi mai santsi da ke hana ƙashi gogar ƙashi, ƙwayoyin nan kuwa cinsa suke yi, kuma da sauri, abin da suka ci ba ya dawowa. In aka bar su sai su bi jini, a nan ba maganar gwiwa ake yi ba, maganar rai ce.

"Yau za mu shiga da ku tiyata mu wanke gaɓar. Sai magani ta jijiya, zai ɗauki lokaci."

Mai Tayil ya dube ta. Tambaya ɗaya ce a bakinsa, ita ce kuma yake tsoro.

"Zan sake durƙusawa?"

"Ban sani ba tukuna, Baba. Ba zan yi muku ƙarya ba. Ya danganta da abin da muka tarar a ciki. Abin da na sani shi ne, yau ya fi gobe nesa ba kusa ba."

"Ya so ya kwana a can," in ji Mai Fenti. "Har bargo ya aike ni."

Likitar ta dubi matar, matar ta dubi mijinta, shi kuma ya koma kallon silin.

Aka yi aikin. Ya farka da roba a hannu da wata a gwiwa. Kwanakin da suka biyo baya ba su da daɗin ba da labari. Zazzaɓin ya sauka a hankali, ya koma cin burodinsa har yana leƙen na gadon kusa. Abin da ya fi damunsa a ɗakin shi ne wani layin tayil da ya karkace daga ƙafar gadonsa zuwa ƙofa. Ya roƙi a juya masa gadon ya fuskanci bango.

Mai Fenti yana zuwa kullum, wai dubiya, amma rabin abin da aka kawo wa majinyaci a cikinsa yake ƙarewa. Wata rana ya tare likitar.

"Likita, tsakani da Allah, yanzu duk wanda gwiwarsa ta ce ƙis sai ya rugo nan? Ai da ba mai aiki a gari."

Ta yi dariya. Ta ce a'a. Ciwon da ke zuwa bayan aiki ya tafi da hutu, ko riƙewar safe da ke saki da an ɗan taka, yawanci gogewar gaɓa ce da shekaru, ana lallaɓa ta da motsa jiki da rage nauyi. Amma in ciwo ya ƙi tafiya mako da makonni, ko yana ƙaruwa, ko gaɓoɓi da yawa sun kumbura tare, ko riƙewar safe ta daɗe irin ta Mama, to a zo a duba, kada a zauna ana ta haɗiyar ƙwayar kemis, don ita ma tana da nata ɓarnar a ciki da ƙoda.

"Wanda ba a jira kuwa," ta nuna gadon da haɓa, "ga shi nan kwance. Gaɓa ta kumbura, ta yi ja, ta yi zafi, ga zazzaɓi, ko mutum ya kasa taka ƙafar. Ko an faɗi gaɓar ta sauya kama. Wannan ranar ake zuwa, ba washegari ba."

"Yatsana ma yana yin ja da zafi."

"Shi ya sa ba kai za ka yanke wa kanka hukunci ba. Da ido suna kama da juna. Kuma naman da ke hannunka na waye?"

Mai Fenti ya mayar da shi cikin kwano.

Da aka sallame shi ya koma gida da sanda, da ƙafar da ta rame ta zama kamar ta wani. Likitar ta ce sun tarar da ɓarna amma ba ta yi nisa ba, sauran aikin nasa ne. Aka haɗa shi da wani ƙato a sashen motsa gaɓoɓi, mai murmushi da hannu kamar shebur, wanda aikinsa shi ne ya lanƙwasa gwiwar kullum ya wuce inda ta tsaya jiya. Mai Tayil ya ce ya ga mugaye a rayuwarsa, amma bai taɓa ganin mai mugunta yana tambayarka ya iyali ba. Duk da haka bai taɓa fashi ba. Yanzu tare suke fita da matarsa, kowa da katinsa, kuma bakinsa bai ƙara furta 'yar gatan likita ba. Ita ce ma take cewa, "Tashi mu je gaida dangi."

Abin da ya fi ci masa rai shi ne salla a kan kujera, a sahun tsofaffi. Sai labarin falon: mai gidan bai iya jira ba, ya kawo wani ya fasa wurin ya sake. Mai Fenti ya ce aikin ba laifi. Mai Tayil ya yini bai yi masa magana ba.

Watanni suka shuɗe kafin likitar ta ce zai iya gwadawa. Da sharaɗi: soso a gwiwa, aiki kaɗan, ya riƙa tashi yana hutawa, kuma in ruwa ya sake taruwa, allurarta ce kawai za ta taɓa shi. Ya ce ya ji. Sai dai wa zai ba wa mai sanda aiki? Ya zauna a ƙofar gida yana kallon masu wucewa da kayan aiki a kafaɗa.

Matarsa ce ta fito ta tsaya a kansa.

"Mai Tayil."

Ya ɗago da sauri, don ya san sunan nan ba ya fitowa haka kawai.

"Shekara nawa ina girki a kan siminti tsirara? Ka yi wa duk garin nan ƙasa, kicin ɗina kamar garejin mota. Ina da aiki, in kana so. In ba ka iyawa in kira yaron da ya gyara falon can, an ce ba laifi."

Washegari da safe aka kwashe tukwane aka kai tsakar gida. Kicin ɗin ɗan ƙarami ne, da can kafin shayi ya huce ya gama irinsa. Auta ta zo daga gidanta da jariri a baya, wai wucewa take yi. Mai Fenti ya zo, wai ya zo duba bango. Mai Tayil ya zauna a kan bulo ya ɗaura soson nan da ya shekara yana yi wa dariya, ya ja igiyarsa, bai kalli kowa ba. Ya dafa bango. Ya sauke gwiwar hagu. Sannan a hankali, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai, ya sauke ta dama.

Ta lanƙwasu. Ta ja, ta yi ƙorafi, amma ta zauna.

Ya miƙa hannu, Mai Fenti ya sa masa cokali a ciki. Gudumar roba ta fara, tum, tum. In ya yi layi biyu sai matar ta yi gyaran murya daga tsakar gida, ya tsaya ya miƙe ƙafa yana gunaguni. Aikin da bai kai na safiya ba ya kai su har la'asar. Da ya ɗora na ƙarshe a bakin ƙofa, Auta ta matso za ta kama shi, ya ɗaga mata hannu. Ya kafa ƙafar hagu, ya dafa cinya, ya yunƙura. Ya miƙe tsaye da kansa.

Mai Fenti ya juya yana share ido, ya ce ƙurar siminti ce. Matar ta leƙa kicin ɗinta ta kan kafaɗar mijin, ta daɗe tana kallo.

"Ya yi," ta ce.

"Bai yi ba. Wancan na bakin ƙofa ya ɗan ɗaga."

Duk suka sunkuya suka duba. Auta ta shafa da hannu. Mai Fenti ya ɗora sandar awo, ɗigon ruwan ya tsaya cak a tsakiya.

"Baba, lafiyarsa ƙalau fa."

"Ku ba ku da ido. Matsa."

Ya dafa bango, ya sake durƙusawa, gwiwa biyu a ƙasa. Ya taɓa tayil ɗin da gudumar, ko sauro ba za ta kashe ba. Ya ɗan jima a haka. Sannan ya kafa ƙafa ya sake miƙewa, wannan karon ko cinya bai dafa ba.